Layin da Ya Ƙi Kwanciya

Laraba, 6 ga wata, 7:40 na safe

Babban Injiniya ya kira ni ina tsaka da ɗaure wa Auta igiyar takalmi. Shekara goma sha ɗaya ina aiki a ƙarƙashinsa, bai taɓa kirana kafin ƙarfe tara ba. Ko yara bai tambaya ba. Ya ce jiya da rana wani abu ya faru a masana'antar da ke ƙera kabad na ƙarfe, a ɗakin busar da fenti. Tsohon da ke duba kaya ya kife a kan teburinsa. Yana asibiti, bai farfaɗo ba. An rufe ɗakin.

Na ce, "Wane tebur, Yallaɓai?"

Ya ce, "Tebur nawa ne a ɗakin, Injiniya?"

Guda ɗaya ne, a bayan ginshiƙi na uku. Ni na ce a ajiye shi a can.

Laraba, 5:20 na yamma

Ofis tsit yau. Dogo, wanda teburinsa ke kusa da nawa, mutumin da bakinsa ba ya hutawa ko yana tauna, sau biyu kawai ya yi magana, duka biyun kuma tambayar ƙarfe nawa ya yi. Ban buɗe fayil ɗin lissafin ɗakin ba. Na gyara durowata, na zubar da biro goma sha huɗu da ba sa rubutu.

Alhamis, 7 ga wata, 12:00 na rana

Ban buɗe ba.

Jumma'a, 8 ga wata, 3:10 na yamma

Bari in rubuta shi yadda nake yi wa surukata bayani duk lokacin da ta ce, "Wai ke, iskar ma ƙirga ta ake yi?"

Ana kawo mana zanen ɗaki. A ce mana ga inda zafi zai shiga, ga inda tururin fenti zai tashi, ku gaya mana ina zai bi. Sai mu yanka ɗakin a kwamfuta gida-gida, ƙananan akwatuna miliyan shida ko bakwai, kamar raga. Kwamfuta ta tambayi kowane akwati zafi nawa ya karɓa, tururi nawa ya miƙa wa maƙwabcinsa. Ta sake tambaya, ta sake, sau dubbai, har amsar ta daina canzawa. Akwai wani layi a allo da ke nuna yawan canjin. Idan ya sauko ya kwanta, mun gama. Mu buga hoto: shuɗi iska mai tsabta, ja wurin da ɗan Adam bai kamata ya daɗe ba.

Matsalar ita ce iska mai gudu ba ta tafiya a miƙe. Tana murɗewa, tana yin ƙananan guguwa a cikin manya, babu kwamfutar da za ta bi su ɗaya-ɗaya. Don haka matsakaici muke ɗauka, sauran mu yi hasashe da wasu ƙa'idoji da aka yarda da su. Kowa a wannan sana'a ya san hasashe ne. Ba ma dai faɗa a gaban mai aiki.

A ofishinmu ba a sa hannu a rahoto sai layi ya kwanta. Doka ce, Babban Injiniya ya manna ta a jikin ƙofa. Ni kuma aka sani da iya kwantar da shi. Mai Lallashi suke ce mini. Duk wanda layinsa ya yi taurin kai, sai ya jawo kujera ya ce, "Mai Lallashi, zo ki yi masa magana." Wallahi ina jin daɗin sunan nan. Har a jikin kofin shayina Dogo ya rubuta shi.

Wata takwas da suka wuce, layin ɗakin fenti ya ƙi.

Iyakar abin da zan iya rubutawa yau ke nan.

Lahadi, 10 ga wata, 8:30 na safe

Na tsaya a kicin ina kallon tururin buta har ruwan ya kusa ƙonewa. Yana fitowa a miƙe kamar tsawon yatsa, sai ya karye, ya karkata hagu, ya dawo dama. Baban Auta ya shigo ya kashe gas ɗin ya ce, "Hajiyar lissafi, yau kuma butar ake yi wa gwaji? Mu dai shayi muke jira, ba rahoto ba." Na yi masa tsawa a kan abin da bai kai ya kawo ba, wai ya bar cokali a cikin sukari. Ya dube ni, ya ɗauki cokalin, ya fita.

Tsoro nake ji. Gara in rubuta shi da sunansa.

Litinin, 11 ga wata, 4:45 na yamma

Labari ya zo daga masana'anta. Kwamitin bincike ya hau rufi ya tarar bel ɗin babbar fankar da ke zuƙe tururi ya saki. An dakatar da mai gyaran fanka. Kai, ka ga ofishinmu yau! Dogo ya dawo da surutunsa, har ya saya wa kowa lemo. Babban Injiniya ya leƙo ya ce, "Kun gani ko? Namu daidai ne. Mu iska muka lissafa, ba mu lissafa ragwancin mutane ba."

Ni ma na sha lemon. Ni ma na yi dariya. Na kusa minti arba'in ina jin kamar an sauke mini dutse daga ka.

Sai na tambayi nawa ƙarfin fankar ya ragu. Kashi takwas cikin ɗari. Na bar ragin kashi ashirin a lissafina saboda irin wannan ranar. Kashi takwas ba ya kayar da mutum.

Talata, 12 ga wata, 1:30 na rana

Mako ɗaya da kifewar tsohon. Wajen wannan lokacin ne, in ji su.

Laraba, 13 ga wata, 6:00 na yamma

Na je asibiti. Ban san abin da ya kai ni ba, na dai ce wa Dogo zan je banki.

Ba a shiga ɗakin da yake, ta gilashi ake leƙe. Sau ɗaya na taɓa ganinsa, ranar da aka buɗe ɗakin fentin. Ƙaramin mutum ne mai farin gemu, da fensir a bayan kunne. Ya shafa teburin da tafin hannu ya ce mini, "Ranki ya daɗe, an ce ke kika zaɓa mini wurin nan. Na gode, babu zafi sosai." Yau ban gane shi ba sai da aka nuna mini gadon.

Babbar 'yarsa na zaune a benci a waje, da robar ruwa da bargo a naɗe. Ba za ta wuce shekara ashirin da biyar ba. Ta ɗauka daga masana'anta nake, ta miƙe ta ba ni wuri, tana ta "Sannu da zuwa, Anti, an gode da ɗawainiya." Na ce mata injiniya ce ni. Ban ce ta wane abu ba.

Ta ce likita ya ce ba abin rana ɗaya ba ne, jikinsa ya daɗe yana shan tururin. Ta ce ai dama kullum da ciwon kai yake dawowa gida, ya ƙi cin abinci, ya ce komai ɗanɗanon fenti yake masa. Sun ɗauka tsufa ne, har suna tsokanarsa.

Na ce, "Tun yaushe?"

Ta ɗan yi tunani. "Tun da aka mai da shi sabon ɗakin."

Na ba ta ledar ayaba da na saya a bakin ƙofa. Ta sa hannu biyu ta karɓa.

Alhamis, 14 ga wata, 9:15 na safe

Na buɗe.

Yana nan yadda na bar shi, lissafin farko, wanda ban nuna wa kowa ba. Layin ya sauko rabin hanya sai ya fara hawa da sauka, hawa da sauka, daidai wa daida, ba ya gajiya. Idan layi ya yi haka abu biyu ne. Ko dai ragar ce ba ta da kyau, ko kuma iskar ce da gaske ba ta zama wuri ɗaya. Idan na biyun ne, sai a bar neman matsakaici, a sa kwamfuta ta bi iskar sakan bayan sakan. Kowane ɗalibi ya san wannan. Ni da kaina na koya wa Dogo.

Ranar Laraba ce a wancan lokacin, rahoto kuma Jumma'a ake jira. Ni ban taɓa makara da rahoto ba.

Na ƙara girman akwatunan da ke bayan ginshiƙai. Na canza hanyar lissafin zuwa wadda ke sa iska ta yi nauyi kamar zuma. Na rage saurin gyaran amsa. Cikin awa biyu layin ya kwanta lumui. Bayan ginshiƙi na uku ya fito shuɗi tas. Na ɗauki jan biro na yi alama a zanen, na rubuta: tebur a nan.

Yanzu na mai da ragar yadda take, na sa ta bi iskar sakan bayan sakan. Na danna da ƙarfe 9:02. Na juya allon yana kallon bango.

Jumma'a, 15 ga wata, 2:00 na rana

Babbar kwamfutar ofis tana ƙugi idan aka ɗora mata nauyi, kuma ba a ɓoye wannan ƙarar. Dogo ya turo kujerarsa ya ce, "Mai Lallashi, wa ya ci miki tuwo kike azabtar da injin nan? Wane aiki ne?" Na ce tsohon aiki ne nake dubawa. Ya zura wuya ya ga sunan fayil ɗin. Ya ja kujerarsa baya kaɗan. Can ya ce a hankali, "Yaya, bel ne fa. An riga an ce bel ne."

Tun da ya zo ofishin nan bai taɓa ce mini Yaya ba.

Asabar, 16 ga wata, 11:00 na safe

A gida ma ina jin ƙugin. Na cire filogin firji, bai daina ba.

Lahadi, 17 ga wata, 4:00 na yamma

Auta ta tambaye ni me ya sa nake rufe labule ina sa masa matsi na shanya. Na ce ƙura. Gaskiyar ita ce ba na son ganin yana shiga yana fita.

Litinin, 18 ga wata, 10:20 na safe

Lissafin ya gama.

Na kalla sau tara. Iska mai zafi tana fitowa daga bututu biyu, ɗaya a kowane bango, su haɗu a tsakiya. A hoton da na sa wa hannu, suna haɗuwa su tashi sama salin alin su bi fanka. A nan kuwa kokawa suke yi. Na hagu ya ture na dama, na dama ya tattaro ƙarfi ya rama. Duk lokacin da na dama ya yi nasara, sai ya kwaso tururin da ke kwance a kan kabad ɗin ya zagaya da shi bayan ginshiƙi na uku. Shuɗin ya koma ja. Ya yi sakan goma sha biyu, ya washe. Bayan sakan hamsin ya dawo.

Sakan hamsin, awa takwas a rana. Na fara ninkawa a gefen takarda, na bari.

Na sa an cire sakin bel ɗin, fanka da cikakken ƙarfinta. Jan bai fasa zuwa ba.

Talata, 19 ga wata, 12:40 na rana

Na shiga wurin Babban Injiniya na rufe ƙofa. Ya kalla sau ɗaya, ya cire gilashinsa ya daɗe yana gogewa da gefen riga.

Ya ce, "Idan aka ɗauki matsakaicin awa takwas, ya haura ƙa'ida?"

Na ce, "Yana gab da ita, Yallaɓai. Ranar da aka cika ɗakin da kaya yana haurawa."

"Wa ya ce su cika? Mun rubuta musu adadi."

"Mun rubuta. Amma mutum ba matsakaici yake shaƙa ba."

Ya ce kada in kawo masa iyayi. Ya ce wannan ma lissafi ne, wancan ma lissafi ne, wa zai rantse wanne ne gaskiya? Ya ce mutum goma sha tara ke cin abinci a ofishin nan, kuma sunansa ne a ƙasan nawa a rahoton. Ya ce, "Ba cewa na yi ki yi ƙarya ba. Cewa na yi ki jira. Kwamiti bai tambaye mu komai ba." Da zan fita ya ƙara da cewa, "Kowa yana kwantar da layi, Injiniya. Ni na koya miki."

Gaskiya ya faɗa, shi ya koya mini. Amma ba hannunsa ne ya riƙe jan biron ba.

Laraba, 20 ga wata, 10:05 na safe

Manajan masana'anta ya bugo. Tsohon ya rasu da asuba, in ji shi. Allah ya jiƙansa.

Laraba, 3:00 na yamma

Na wanke kofina, na kankare rubutun da wuƙa.

Jumma'a, 22 ga wata, 6:30 na yamma

Mun je gaisuwa, ni da Babban Injiniya, a motarsa. Gida ne mai ɗaki biyu a bayan layin masu walda. Takalmansa na aiki na nan a bakin ƙofa, da ɗigon fenti mai ruwan toka a kai, mutane suna tsallake su.

Manaja na can. Mutumin kirki ne, idonsa ya yi ja. A gaban mutane ya ce masana'anta ba za ta bar gidan nan haka ba. An sa sabuwar fanka, za a buɗe ɗakin Litinin, ɗaya ga sabon wata. Kuma aikin marigayi an ba babbar 'yarsa, tunda ta yi makarantar koyon sana'a, ta iya awo, ita ce kuma za ta riƙe ƙannenta uku. Teburin babanta, kujerar babanta.

Ɗakin ya ɗauka da addu'a. Uwar ta rufe fuska tana kuka tana sa albarka. Yarinyar ta hango ni ta taso ta kama hannuna ta ce, "Anti, kin ji? Allah bai bar mu ba."

Na juya in kalli Babban Injiniya. Yana duba agogonsa.

Asabar, 23 ga wata, 9:00 na safe

Saura kwana tara.

Lahadi, 24 ga wata, 5:45 na yamma

Na gaya wa Baban Auta. A kan baranda, yana gyara wa Auta keke. Na fara da akwatuna da raga, ya ce, "Maman Auta, don Allah ki yi mini Hausa." Sai na yi masa Hausa. Jimla uku ce kawai ashe.

Ya ajiye sifana. Ya tambaye ni me za su yi mini idan na faɗa. Na ce za su karɓe takardar izinin aikina, wataƙila kotu, kuma babu ofishin da zai sake ɗaukata. Ya ce to a matsar da teburin mana, shi ke nan, ba sai an tona ba. Wallahi ni ma na kwana biyu ina wannan tunanin. Amma in matsar da shi ina? Babu wurin da na sani a ɗakin nan yanzu. Hoton da kowa ke dogara da shi ni na ƙera shi. Kuma in ce musu a matsar saboda me? Ga mai gyaran fanka can a gida, unguwarsu duka an san shi ne ya kashe tsoho.

Ya ce, "To me kike so in ce?"

Na ce, "Ka ce in yi shiru, in samu wanda zan yi wa faɗa."

Ya ce, "Ba zan ce ba." Ya ɗauki sifanarsa. Ya kasa kama notin.

Talata, 26 ga wata, 4:10 na yamma

Har yau da safe ina ce wa kaina wataƙila Babban Injiniya ne da gaskiya. Lissafi lissafi ne. Wataƙila na biyun ne ƙarya.

Yau ake gwada sabuwar fanka, da kaya a ciki amma babu mutane. Na je da sunan dubawa. Manaja ya ba ni takunkumin fuska mai matata, ya ce minti goma kawai. Na tafi da fensir da zaren ɗinki fari, tsawon kamu ɗaya, na ɗaure a bakinsa.

Ɗakin ya fi yadda nake tunawa tsawo. Kabad sittin a jere, masu ruwan toka, suna sheƙi. An goge teburin, an sa sabon littafi da sabon ma'auni a kai saboda Litinin. Kujerar tana da matashi da aka ɗinka da tsohon zani, ya lotsa a tsakiya. Na zauna a kai. Na kafa fensirin a kan littafin, na ajiye agogona a gefe.

Zaren ya rataya shiru. Na ji wani daɗi ya taso mini, har na ce a raina, kin gani, mahaukaciya, kin kusa kashe kanki a banza.

Sai ya ɗaga. A hankali, kamar wani ya sa yatsa. Ya miƙe yana nuna ƙirjina, yana karkarwa, na ji ɗumi a wuyana da bayan kunnena. Ya sauka. Na kalli agogo. Sakan arba'in da takwas ya sake ɗagawa. Sai hamsin da ɗaya. Sai hamsin.

A duk rayuwata ban taɓa yin lissafin da ya yi daidai haka ba.

Sau goma sha ɗaya na ƙirga kafin Manaja ya buga gilashi. Da na fito ya ce, "Lafiya dai, Injiniya? Fankar ta yi ko?" Na ce fankar lafiyarta ƙalau.

Laraba, 27 ga wata, 1:00 na rana

Na rubuta wa kwamiti. Shafi biyu. Sau uku ina gogewa saboda na kama kaina ina rubuta "an yi amfani da" da "aka zaɓi". Na mai da su duka "na".

Na ajiye wa Babban Injiniya kwafi a teburinsa kafin in aika. Ya karanta a tsaye. Ya ce, "Kin kashe mu." Bai ɗaga murya ba, da ya ɗaga da ya fi mini sauƙi. Dogo ya bi ni har bakin matakala ya tsaya. Ya ce in ba shi makullin motata ya juya mini ita, an toshe ni a baya.

Alhamis, 28 ga wata, 5:00 na yamma

Kwamiti mutum biyar ne. Na nuna musu hotuna biyun, na nuna musu zaren da na ɗauka da waya. Shugabarsu, wata dattijuwa mai gilashi a kan hanci, ta ce, "Kina nufin kin ga alamar tun wancan lokacin?" Na ce na gani. Ta ce, "Kin san ma'anarta?" Na ce na sani. Ta rubuta. Biron nata yana ƙara a kan takarda.

Ba za a buɗe ɗakin Litinin ba. Sai an sake tsarin bututun gaba ɗaya, wata biyar ko shida. An mai da mai gyaran fanka bakin aiki. Ni an ce in miƙa katina na izinin aiki, sauran zan ji ta wasiƙa.

Na ɗauka zan ji sauƙi. Yunwa kawai na ji, na tsaya a hanya na ci burodi a cikin mota kamar wadda ta kwana uku ba ta ci ba.

Jumma'a, 29 ga wata, 11:30 na safe

Ban san abin da mutane ke yi a gida ƙarfe goma sha ɗaya na safe ba.

Asabar, 30 ga wata, 6:15 na yamma

Babbar 'yar marigayin ta zo. Manaja ne ya ba ta kwatance. Ina cikin shanya, Auta ta ce ana sallama, na fito na gan ta a bakin ƙofa da ƙaramar jaka a hammata. Ba ta ce Anti ba.

Na shigar da ita falo, na kawo ruwa. Ta zauna a bakin kujera. Ta ce Manaja ya kira ta jiya ya ce babu aiki sai an gyara ɗakin, kuma ya gaya mata dalili, amma ba ta gane ba, shi ma da alama bai gama ganewa ba. Ta ce ta riga ta ɗinka rigar aiki. Ta ce, "Ni ba faɗa na zo yi ba. So nake in ji da bakinki."

Na gaya mata. Ban ɓoye komai ba, har jan biron. Tana saurare tana kallon hannuna. Yarinyar tana da kai, tambayoyinta sun fi na kwamiti. Ta ce layin da ke hawa da sauka, shi ne iskar da ke zuwa kan Baba? Na ce shi ne. Ta ce kuma akwai hanyar da za a bi a tabbatar? Na ce akwai. Ta ce tsada gare ta? Na ce a'a. Injin ne babu? Na ce yana nan, a bayan kujerata yake.

Ta ce, "To da kin bi ta, da zai ɗauke ki tsawon wane lokaci?"

Kwamiti bai tambaye ni wannan ba. Babban Injiniya bai tambaya ba, Baban Auta ma haka. Na so in ce ya danganta. Kalmar ta zo har bakina.

Na ce, "Kwana huɗu."

Ta gyaɗa kai. Ta gyara jakarta a cinya, ta miƙe. Ba ta taɓa ruwan ba.

A bakin ƙofa ta juyo ta ce, "Kwana goma sha biyar na yi a kan bencin nan ina jiran ya buɗe ido. Ke huɗu ne kika kasa jira."

Ta sa takalmanta ta tafi. Ban raka ta ba.